Gaisuwar da Ba a Yi wa Bidi Ba

Gidanmu na Wadata, a Yamai, gidan laka ne mai faɗin tsakar gida, da bishiyar dogon-yaro a gefe, da turken doki a gindinta. Lokacin sanyi, in an sauke tuwo, kakata Hajo ba ta yarda a kashe wutar murhu. Sai ta jawo kujerarta ƴar tsuguno, mu jikoki mu zagaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa don ya samu gefen da hayaƙi bai biyo ba. Ni take zaunarwa kusa da ƙafarta. Wai ni ne mijinta, amma ta ce ba ta taɓa ganin miji marowaci irina ba, ko goro ɗaya ban taɓa saya mata ba. Nakan ce na sake ta, ta ce ba ta ji ba, kunnenta ya tsufa.

Tatsuniyoyinta sun fi gaban lissafi, da yawa kuma sun tsere mini. Ɗaya ce ta zauna daram, wadda ta yi mana a shekarar da kakanmu ya rasu.

Kakan namu, Baba Tsoho muke ce masa, ɗan kasuwar hatsi ne da ya taso daga Tahoua tun yana da ƙarfinsa. Ya saba da birni ta kowace fuska, ban da abu ɗaya: ya ƙi rabuwa da doki. Maƙwabta na sayen babur, shi yana sayen harawa. Dokin nasa na ƙarshe sunansa Bidi. Da hannunsa yake ba shi gero da kanwa, da hannunsa yake tsefe masa geza, yana yi masa hira kamar abokin tafiya. Ran Juma'a da yamma yakan hau shi har bakin kogi wajen Gaweye ya wanke shi, taksi na yi musu oda a baya, shi ko a jikinsa.

Ranar da ya rasu mutane suka cika gida. Da aka rasa inda za a shimfiɗa wa mata tabarmi, sai aka kwance Bidi aka kai shi gidan wani maƙwabci. Can ya zauna har aka yi sadakar uku, taro ya watse, aka mayar da shi turkensa. Daga nan ya daina ci. A kawo harawa ya sunsuna ya kau da kai. Ya daina birgima, ya daina haniniyar da yake yi da asuba. Yini guda zai tsaya kansa a sunkuye, amma da an taɓa ƙofar zaure sai ya ɗago da sauri, kunnuwa a miƙe. In ya ga wanda ya shigo, ya sake sauke kai. Haƙarƙarinsa suka fara fitowa.

Baffa Sani, babban ɗan Baba Tsoho, shi ne ya gaji riƙon gida. Ma'aikacin gwamnati ne, mutumin kirki, amma ba ya son abin da ba shi da magani. Ya kawo likitan dabbobi, ya duba baki, ya duba ciki, ya ce bai ga ciwo ba. Sai Baffa ya yanke shawara: a sayar da dokin tun bai mutu a hannunmu ba. Har ya yi magana da wani mutumin ƙauye, za a zo a tafi da shi ranar kasuwa.

Kaka ta ji abin da aka yanke. Ba ta da bakin cewa. Baffa ɗan farinta ne, ita kuwa mace ce irin ta da. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta jan magana da shi. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Mu yara har dariya abin yake ba mu. Ga ta kuma cikin takaba, ba ta fita balle ta kai ƙara wurin dattijan dangi. Tun rasuwar ma ba ta sake yi mana tatsuniya ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ana jibi za a zo ɗaukar Bidi, bayan sallar isha, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, Baffa ya fito da kujerarsa tsakar gida yana sauraren rediyo. Sai muka ji Kaka ta ce a ƙaro itace. Ta zauna, ta gyara mayafi, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan ta taho, ku ba ta wuri."

Muka ce ta shigo, tabarma na shimfiɗe.

Ta ce a wani zamani an yi wani bafatake mai fataucin gishiri, da dokinsa da suka tsufa tare a kan hanya. Wata rana suka sauka wani gari, aka kai dokin rafi shan ruwa. Kafin a dawo da shi, Allah ya yi wa bafataken rasuwa. Mutanen garin suka yi masa sutura, suka yi wa ƴaƴansa gaisuwa, suka yi wa abokan fataucinsa, har wanda ya ba shi masauki sai da aka ce masa ya haƙuri. Dokin kuwa aka ɗaure shi a ƙofar gari. Ya kafa ido ga hanya, ya ƙi ci, ya ƙi sha. Aka kawo masa dawa, aka kawo ciyawar fadama, aka kira mai magani ya yi turare, duk a banza. Sai ga wata tsohuwa mai tallan daddawa. Ta tsaya ta dube shi, ta tambaya ko an yi masa gaisuwa. Mutane suka kwashe da dariya. Ita kuwa ta ajiye tallanta, ta durƙusa gabansa, ta ce masa maigidansa ya riga mu gidan gaskiya, ba gudu ya yi ya bar shi ba.

A nan Kaka ta sauya murya, ta yi ta ƙasa-ƙasa yadda take yi in dabba za ta yi magana.

"Sai dokin ya ce, ashe haka ne. Ni na zaci laihi na yi mai. Da kun hwaɗa mini, da ban tsaya ina jira ba. Kuka nika yi, kamar kowa."

Ta ce dokin ya yi kukansa, sannan ya sha ruwa. "Nan na aje ta," in ji ta, "mai so shi ɗauka."

Ba wanda ya yi dariya a cikinmu. Ni tsoro ma na ji, don na ga hawaye a fuskarta cikin hasken wuta, ban kuma taɓa ganin ta yi kuka don tatsuniya ba. Da na waiwaya, Baffa ya riga ya kashe rediyo.

Washegari da safe Baffa ya fito cikin kayan buro na zuwa aiki, ya nufi zaure, sai ya tsaya. Ya duba ko akwai mai kallonsa, alhali dukkanmu muna leƙe. Ya koma gindin dogon-yaro, ya cire takalmi, ya tsuguna gaban Bidi.

"Bidi, ya haƙuri? Baba ya rasu. Ba za shi dawo ba. Ka yafe muna, mun mance da kai."

Muryarsa ta karye a kalmar ƙarshe. Wannan mutum da ya karɓi gaisuwar dubban jama'a ido a bushe, ya dafa wuyan doki yana kuka har kafaɗunsa na rawa.

Ba zan ce Bidi ya gane Hausa ba. Ranar ma bai ci komai ba. Amma Baffa ya aika wa mai saye cewa an fasa. Kaka kuma ta ɗauki wata ɗabi'a: kullum da hantsi sai ta kai kujerarta gindin turke, da ƙwaryar furarta da ta geron Bidi, ta zauna tana yi masa hira. Sannu a hankali ya soma tsintar geron daga tafin hannunta. Ya ƙara shekaru tare da mu, ko da yake ba wanda ya sake hawansa, bai kuma koma haniniyar asuba ba.

Da na girma na yi ta tambayar tsofaffin danginmu na Tahoua labarin bafatake da dokinsa, ba wanda ya san shi. Sai na tare Kaka, lokacin ta tsufa ƙwarai, na ce mata ashe matata maƙaryaciya ce. Ta yi dariya har da tari, ta amsa cewa a daren ta ƙaga shi, tun da ba ta iya buɗe baki ta roƙi wancan. Na ce to me ya sa ta damu haka da doki, ita da ta shekara arba'in tana faɗa da Baba Tsoho a kan kashin dawakinsa da ƙudajensu?

Ta daina dariya, ta ce:

"Kowa ya koma harkarshi, mijina. In anka taɓa ƙohwa, mu biyu ɗai ke ɗaga kai. In sunka tahi da shi, ni kaɗai za ni ɗagawa."

Shekara da shekaru na ɗauka darasin a kan tausayin dabba ne, kuma hakan ne. Amma mu ma da muke zagaye da ita a bakin wuta kowane dare, ba mu lura cewa ita ma ta daina ci ba. Bidi ya samu mai yi masa tatsuniya. Ita sai da ta kai furarta gindin turke kafin ta samu wanda za su ci abinci tare.