Ƙaramin Batirin da Aka Sa wa Motarmu

A Unguwar Dosa muke haya lokacin, ɗaki ciki da falo, gidan wata Hajiya. Ƙofar gidan ba ta shigar mota, saboda haka tsohuwar motar maigidana a bakin titi take kwana. Ɗanmu na fari sikila ne. Idan ciwon ya tashi, ƙashinsa ko taɓawa ba ya so, sai an shimfiɗe shi a kujerar baya, a tafi da shi asibiti a hankali. Don haka kullum idona na kan motar nan, ko wanke-wanke nake sai na leƙa.

Da damina aka fara satar batir a layinmu. Motar maƙwabcinmu tana da alam mai ihu in an taɓa ta, amma daren da aka sace nata ko ƙis ba ta yi ba. Na tambayi maigida dalili, ya ce ai ɓarayin batirin suke fara cirewa, kuma da shi alam ɗin ke kuka. Tun daga nan na kasa sukuni. Na yi ta damunsa har ya kai tamu wajen mai wayarin a Abakpa, aka ɓoye wa alam ɗinta wani ɗan batir, bai fi sabulun wanki ba, a ƙarƙashin sitiyari. Da ya dawo ya cire kan babban batirin don in gani. Motar ta ɗauki ihu, har kajin Hajiya suka watse. Ranar na ci abinci sosai.

Wata Juma'a yaron ya tashi da ciwon ƙafa. Na ba shi magani, na yi ta gasa masa da ruwan ɗumi, da ƙyar barci ya ɗauke shi. Babansa ya ce bari ya je masallaci, in abin bai lafa ba mu tafi da ya dawo. Abokinsa ya ɗauke shi a babur, makulli da rimot suna aljihunsa.

Bai daɗe da fita ba wata akuya ta haye kan bonet. Motar ta fara ihu. Yaron ya farka a firgice, yana kuka yana riƙe gwiwa. Na kira babansa, waya a kashe, kamar yadda yake yi in zai shiga masallaci. Hajiya ta fito da carbinta ta ce, "Ke 'yar nan, wannan motar taku aljanu gare ta? Mutum ba zai yi salla ba?"

Na ba ta haƙuri. Ta aika aka kira mai facin bakin layi, wanda ya riga ya sauko daga masallacin kusa. Ya zura hannu ta ƙasan gaban motar ya ja wayar bonet ya buɗe, ya kwance kan batir, yadda kowa ke yi in mota ta ƙi yin shiru. Ba ta yi shiru ba. Ya tsaya yana kallonta. Na san dalili, na kuma faɗa masa daga bakin zaure, amma ƙofofin a kulle suke, ba hanyar kaiwa ga ɗan batirin. Mutane suka fara taruwa, kowa da shawararsa. A ciki ina jin muryar ɗana tana disashewa.

"Maman yaro, in yanke wayar alam ɗin?" in ji mai faci, filaya a hannunsa.

Na ce ya yanke.

Wayoyi da yawa ya datse a cikin bonet kafin ya dace. Shirun da ya biyo baya har kunnena ya yi zafi.

Da maigida ya dawo zazzaɓi ya rufe yaron, idonsa ya yi rawaya. Muka shimfiɗe shi a baya, ya mayar da kan batir, ya murza makulli. Ko tari motar ba ta yi ba. Ashe cikin wayoyin da aka yanke har da wadda ke ba inji wuta. Bai yi faɗa ba, ya dai kifa goshinsa a kan sitiyari.

A Keke Napep muka tafi. Na rungume yaron a cinyata, ruwan sama ya cinye titin, duk ramin da muka faɗa sai ya ƙanƙame wuyana ya ce, "Umma, a tsaya." Ina ce wa mai keken ya yi a hankali, babansa yana ce masa ya yi sauri.