Tamfol ɗin da Baba Ya Ɗaure

Shekara uku Inna ba ta wuce tsawon tiyon na'urarta ba. Ciwon huhu ne ya kama ta, likita ya haɗa ta da wata na'ura mai kama da ƙaramin firji, wadda ke tura mata iskar shaƙa ta siririn tiyo zuwa hanci. Na'urar kuwa ba ta aiki sai da wuta. Sai duniyar Inna ta koma ɗaki ɗaya a gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka, daga gado zuwa bakin taga, inda ba ta hango komai sai bangon maƙwabta da tankin ruwansu.

Tana yarinya ta shigo ƙasar nan ta Sudan, a jirgin ruwa, zazzaɓi ya hana ta ko ɗaga kai ta kalli teku. Ta tsufa a Makka, teku na nan kusa, kullum ana cewa sai an samu sarari. Da ciwo ya ɗaure ta ne ta fara zancensa. Ba roƙo take yi ba, Inna ba ta roƙon 'ya'yanta. Sai dai ta dube ni ta ce, "Wai ruwan nan har yanzu yana nan?" In ce mata yana nan, ta ce, "To, a gaishe shi."

Ni aikin lantarki nake yi a manyan otal-otal ɗin da suka yi ta tsirowa kewayen Harami a shekarun nan. Na san aikina, kuma ba na son a koya mini shi, halina ke nan tun ina ƙarami. Baba kuwa shekara arba'in ya yi yana tuƙa tasi kafin gwiwa ta zaunar da shi. Shi ya samo wata tsohuwar ƙaramar bas ta ɗaukar alhazai a wajen masu sayar da gwangwanin motoci, ya tayar da injinta da hannunsa. Muka cire kujeru, muka kafa gado, fanka, da ɗan firji na ruwa da magani. Mutanen nan karafan suke ce wa irinta. Abin da ya rage shi ne wuta, kuma wannan ni na ɗauka. Zan sa mata sola, na'urar Inna ta bi ta har bakin teku.

Na sayo faranti huɗu da manyan batira biyu a wani shago a Rusaifa. Mai shagon yana ɗaure mini kaya ya ce in haɗa batiran da dinamon motar, yadda in ana tafiya injin ma zai riƙa yi musu caji, ko da rana ta yi gardama. Wallahi dariya na yi masa. Na ce, "Malam, ranar Makka ce za ta yi gardama?" Ya ɗaga kafaɗa ya miƙo mini kayana.

Bayan sallar asuba nake hawa rufin, don in hantsi ya yi ƙarfen ba ya taɓuwa. Na huda, na ɗaure farantan da ƙusa, na toshe ramukan da danƙo saboda ruwa, na zuro wayoyi ciki. Batiran da inbata, mai mayar da wutarsu irin ta gida, na sa su ƙarƙashin gadon, tare da 'yar mita mai nuna yawan cajin. Baba ke riƙe mini tsani. Ranar da zan ɗora farantin ƙarshe ya shafa fuskarsa da tafin hannu ya ce, "Ashe gilashi ne."

Na ce, "Gilashi ne, Baba."

Ya ce, "A zafin ranar nan?"

Gumi na shiga mini ido, ƙusa ta ƙi shiga, na ce, "Haba Baba, ka bar mini aikina mana!" Ya ci gaba da riƙe tsanin. Ban taɓa zaunar da shi na yi masa bayanin abin da farantan nan ke ci ba. A ganina ko jariri ya sani.

Ranar Talata na gama, mita ta nuna batira sun cika taf. Na bar firjin da fankar a kunne don su gwada kansu, muka sa tafiya ranar Asabar. Inna ta sa ƙanwata ta yi mata lalle, ta ciro gyalen da take ajiya don biki.

Asabar da sassafe aka kira ni otal, wuta ta ɗauke a wani bene. Na ce wa ƙanwata su yi gaba da Baba, ta jona na'urar a inda na nuna mata, ni zan biyo su bayan azahar. Ban leƙa motar ba. Ina cikin silin da fitila a baki wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce, ta ce na'urar ta yi kuka ta mutu, fanka ma ta tsaya, sun wuce rabin hanya. Na ce ta duba mita a ƙarƙashin gado. Ta ce ba komai a kanta, baƙa ƙirin.

Na ce, "Ƙarya ne! Babu rana a wurin?"

Ta ce, "Yaya, rana kamar wuta."

Na ce ta sa wa Inna ƙaramar tukunyar iskar da muka ajiye don ko-ta-kwana, su juyo, su nufi asibiti mafi kusa. Tukunyar ba ta kai su ba. Ƙanwata ta ce a ƙarshen hanyar Inna ta riƙe mata hannu, leɓɓanta suka sauya launi.

Ina isa asibitin na hango motar a filin ajiye motoci, sai na tsaya cak. Rufinta gaba ɗaya a lulluɓe yake da shuɗin tamfol, an ja shi ya miƙe sumul, an ɗaure kowace kusurwa da igiya, irin ɗaurin da na sani tun ina yaro. Baba na zaune a gefen titi, hularsa a hannu.

Na ce, "Wa ya sa wannan?"

Ya ce, "Ni ne. Tun ranar Laraba. Na ga rana na dukan gilasan, na ce kada su fashe kafin ranar tafiyarta."

Mutumin da ya yi shekara arba'in yana farautar inuwa saboda motarsa, wanda bai taɓa barin sitiyari a rana ba tare da ya rufe shi da tawul ba. Da gwiwar nan tasa ya hau tsani shi kaɗai. Duk wannan daga baya na tuna shi. A lokacin, a gaban masu gadi da masu wucewa, na buɗe baki na ce wa mahaifina, "Wa ya aike ka? To ka kashe ta, sai ka huta!" Ya mayar da hularsa, ya tashi ya fara kwance igiyar.

Inna ta yi kwana tara ba ta farfaɗo ba, rai ya yi halinsa. Aka yi mata sallah a Harami bayan la'asar, da sauran lallen a hannunta.

Bayan an share makoki, Baba ya kai motar wani fili a ƙarshen layinmu, inda ba mai ajiye mota saboda babu ko inuwar falwaya. Kullum da safe zai hau da tsumma da bokiti ya goge farantan ɗaya bayan ɗaya. Ya mayar da na'urar Inna ciki ya kunna ta. Duk wanda ya bi ta wurin zai ji ta tana huci, tana ja tana saki, kamar mutum na barci a ciki, tiyon na kwance a kan matashi. Maƙwabta suka fara yi mini magana a hankali, wai in lallashe shi. Ni kuwa hanya na sauya, na riƙa zagayawa ta bayan masallaci, don in na ji hucin nan abinci ba ya shiga mini ranar.

Wata rana da azahar ya aiko a kira ni. Na same shi a durƙushe gaban gadon, yana nuna mitar da yatsa.

Ya ce, "Karanta mini. Ta cika?"

Na ce, "Ta cika, Baba."

Ya ce, "Wata biyar ke nan ba ta tsaya ba ko sau ɗaya." Ya ɗago ya dube ni. "Ka gaya mini gaskiya, kai ka san aikin. Da ban rufe ba, da ta isa bakin teku?"

Daga inda nake tsaye ina ganin wurin da ya kamata wayar dinamo ta bi. Waya ce da ba ta fi kamu huɗu ba, aikin rabin awa. Da na sa ta, ko bargo goma Baba ya shimfiɗa a rufin, injin da kansa zai riƙe na'urar har bakin ruwa ya dawo da ita. Ba wanda ya san haka a gidanmu sai ni.

Na ce, "Da ta isa, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda likita ya tabbatar wa abin da ya riga ya sani. Ya ce, "Allah ya yafe mini."

Na ce amin.

Bai cika shekara ba ya bi ta. Ni na wanke shi, ni na sa shi a kabari, kuma har aka rufe ƙasa yana ɗauke da kayan da nawa ne.