Tata Mai Lemu da Yankakken Cikin Ƙanenta

Wanda duk ya taɓa sauka a tashar Tanut, ko zai hau Agadas ko zai gangara Damagaram, ya ga Tata. Ita ce baƙar tsohuwar nan ta ƙarƙashin rumfar zana, da tire uku a gabanta da 'yar wuƙa wadda wasawa ta cinye rabinta. Shekara talatin da wani abu tana nan, tun rasuwar mijinta. Lemu, ayaba, gwanda in an samu, mangwaro in lokacinsa ya yi. Da babban yatsa take sanin halin kowanne. Ta ƙwanƙwasa kankana sau biyu ta ce maka ja ce ko fara, kuma ba a taɓa fasawa an ƙaryata ta ba. Bakinta kuwa, sai dai mu ce Allah ya kyauta.

Ƙane ɗaya gare ta, Alhaji Umaru mai gero. Ita ta goya shi, ita ta yi masa tsarki yana ƙarami, don haka duk garin na cewa Alhaji, ita Umaru take cewa, gatsau. Umaru ya yi arziki da buhunan gero, makiyayan Tenhya da Belbeji duk wurinsa suke awo. Arzikin kuma bai tsaya a sito ba, ya taru a teɓa. Mutum ne da ke tayar da cinyar rago shi kaɗai ya bi ta da ƙwaryar fura, yana shafa ciki yana cewa wannan shi ne shaidar kasuwa. Tata kan ce shaidar haɗama dai.

Da shaidar ta kai shi ga sallah a zaune, ga ciwon sukari, ga numfashi kamar na zugazugin maƙeri, sai ya tafi Tunis. Can likitoci suka yanke masa mafi yawan tumbi, suka bar masa abin da bai wuce ayaba ɗaya ba. Ya dawo da takarda cikin faransanci. Matarsa Raishatu, da yake ta taɓa koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ita ta karanta wa Tata a tsakar gida. Takardar ta ce in an kai wata biyu zai iya cin 'ya'yan itace, amma masu laushi, a fere ɓawo, a cire ƙwallo da zare, kaɗan kaɗan, a tauna har su zama ruwa.

Tata ta ce wannan ai aikinta ne. Da wata biyun suka cika, ta zaɓo gwanda wadda ta nuna har zuciya da ayaba biyu, ta kawo a kwano. Umaru ya leƙa kwanon, ya taɓe baki. Wai kayan bakin tasha ne, hayaƙin mota ya gama da su, shi da aka yi wa aiki a ƙasar waje tuffa zai ci. Ya sa aka kawo masa kwali guda daga Damagaram, aka jera a zaure inda kowa zai gani. Tata ta danna ɗaya da yatsa, ta ji ta kamar dutsen niƙa.

"Ka ci lafiya, Bature," in ji ta, ta ɗauki kwanonta ta koma tasha.

To, ga inda matsalar take. Umaru ya hana a faɗa wa kowa an yanka shi. A ganinsa namijin da aka rage wa ciki an rage masa girma. Cewa ya yi ya je ganin likitan gwiwa. Su kuwa mutane suna da ido. Riga ta fara yi masa yawa, wuya ya fito, fatar hannu tana reto. A ƙasar nan in mai gero ya rame, ba wanda zai ce lafiya ya samu. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce kasuwa ce ta karye yana ɓoyewa, wasu suka ambaci ciwon da ba a faɗar sunansa da ƙarfi. Makiyaya suka fara ratse shagonsa suna awo a gaba.

Masu zuwa dubiya kuma ba su zuwa hannu sake. Wannan ya kawo busasshen dabino, wancan magarya, wani goruba. Kuma ka san halinmu, baƙo ya kwance ƙulli a gabanka, ka ɗanɗana ya ga ka karɓa. Umaru bai tsaya ga ɗanɗanawa ba. Don a koma daji a ce an ga Alhaji yana ci, sai ya cika hannu ya watsa a baki, ya haɗiye da ɓawo da komai, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. In Raishatu ta yi magana ya ce ai likita ne ya ce 'ya'yan itace, dabino kuwa a itace yake fitowa.

Tata da ta ji, ta bar tire ta zo. Ta gaya masa ɗan cikin da ya rage masa ba turmi ba ne, abin da haƙori bai niƙa ba, ba mai niƙa shi a can ƙasa. Zare zai taru ya dunƙule ya toshe hanya, kamar yadda leda ke yi a tumbin akuya. Ya ce shi ba akuya ba ne, kuma mai sayar da lemu ba ta kai ta koya masa likitanci ba. Ta ce gaskiya ne, akuya in ta ji ciwo tana barin ci.

Ranar wata Asabar da hantsi abin ya tashi. Ko ruwa ya kurɓa sai ya dawo. Aka kwantar da shi bayan mota, ya yi tafiyar nan ta Damagaram yana nishi kamar raƙumin da aka yi wa lodi ya wuce kima. Can a asibiti aka zura masa tiyo ta baki, aka ciro dunƙulen zare da ɓawon dabino. Likita ya ce da ya ƙara kwana ɗaya da sai an sake buɗe shi, kuma ɗinkin ba zai jure irin wannan karo na biyu ba.

Tun da ya dawo, Tata ba ta buɗe tire sai bayan azahar. Da safe tana zauren Umaru a kan kujerar tsuguno, kusa da ƙofa, wuƙarta a cinya. Ta fere gwanda, ta dame da bayan cokali, ta miƙa masa cokali uku, tana ƙirga taunarsa da ido. Ƙullin duk wani baƙo kuwa hannunta yake fara faɗawa, ta yi godiya ta tura bayan kujera.

Sai ranar da Buba ya zo. Tsohon makiyayi ne daga Tenhya, shekara ashirin yana awo wurin Umaru, kuma ba ya saurarar mace a zaure. Ya tsallake Tata, ya zube dabino a kan tabarma, ya ce Alhaji ya ci ya gani, don a daji ana cewa ya gama. Zauren cike da mutane. Umaru ya ɗauki guda, ya juya shi a hannu. Tata ta ajiye cokalin ta harɗe hannu.

"Buba," in ji Umaru, kansa a ƙasa, "cikina yankakke ne. Ni na kai kaina aka yanke, don in rayu. In na ci wannan, sai dai ku zo jana'iza."

Buba ya dube shi sama da ƙasa. Can ya ce to me ya hana a faɗa tun farko, su ma suna ɗinke cikin saniya ta tashi ta yi kiwo. Ya tattara dabinonsa, ya tambaya ko kuɗin buhun gero yana nan yadda ya bari.

Tata ta ɗauki cokalin ta miƙa wa ƙanenta.

"Buɗe baki. Ka tauna, ba korar ka ake yi ba."