Filayar da Tsawa Ya Bari a Ƙarƙashin Mota

Tsawa ake ce masa, amma fa a bayan idonsa. A gabansa kowa “Oga” yake cewa. Makanike ne, kuma birki kaɗai yake taɓawa. In ka kawo masa aikin inji, sai ya nuna maka gaba da haɓa. Garejin nasa rumfar kwano ce da benci guda da akwatin sifanu, a gefen wani mai faci da ya daɗe da saba wa halinsa. Aikin Tsawa ba a jayayya. Bakinsa kuwa, Allah Ya kyauta! Mutumin nan ko sannu ya ce maka, sai ka ji kamar korarka ya yi.

Yana da ƙane guda, Auta. Tun rasuwar mahaifinsu shi ya riƙe shi, ya ciyar da shi, ya koya masa tuƙi, ya yi masa aure. Duk duniya ba wanda yake so kamarsa, sai dai bai taɓa sanin yadda ake nuna so ba in ba da faɗa ba. Auta ya yi gemu, ya tara ’ya’ya, yana jan wata tsohuwar bas ta haya, amma har gobe in ya tsaya gaban Yaya hannunsa a baya yake.

Ran nan da hantsi ya shigo da bas ɗin yana sosa ƙeya.

“Yaya, birkin nan yana ɗan nutsewa.”

Tsawa ya hau ya taka. Ƙafarsa ta tafi salun-alun har ƙasa. Ya buɗe kofin man birki, saura ɗan ƙiris a gindi.

“Ɗan nutsewa? Tun yaushe kake ƙara mai kana yawo da rayukan mutane? Mota ba ta shan man birki, sakarai! In ya ragu, zuba yake yi!”

Ya kwanta ya shige ƙarƙashi, yana bin tayoyin ɗai-ɗai yana shafa bayansu da yatsa. Na gaba a bushe. Da ya kai tayar baya ta hagu sai ya ji santsi. Ya bi jiƙar ya hau sama, ga tiyon roba ya tsage, mai na tsattsafowa. Ya ɗauko filaya mai kulle ya danne tiyon daga saman tsagar don kada sauran man ya tsiyaye, ya fito ya cika kofin. Sannan ya juyo kan Auta ya wanke shi tas, a gaban Mai Faci da masu jiran a ba su iska. Auta ya sulale ya bar wurin. Shi kuma Tsawa ya kama hanyar kasuwar kayan mota neman sabon tiyo, bai ce wa kowa uffan ba. Yaushe ya fara yi wa mutane bayani?

Da ya dawo, wurin wayam. Sai ɗigon mai a ƙasa.

“Ina motar?”

“Ai Auta ya ɗauka,” in ji Mai Faci. “Ya taka birki ya ji ya yi tauri, ya ce ashe ka gama. Layinsa ya zo a tasha, kuma ya ce gara ya fece kafin ka dawo ka ɗora daga inda ka tsaya.”

Tiyon ya faɗi daga hannun Tsawa. Innalillahi! Taurin da Auta ya ji, filayar ce kawai. Tana can tana reto a ƙarƙashi, rami ɗaya mai kyau ya isa ya fizge ta, daga nan duk takawa tsartar da man za ta yi. Ga hanyar da Auta ke bi, da an fita gari akwai doguwar gangara, a ƙarshenta kasuwa ce cike da mutane.

Ya sunkuya ya ɗauki tiyon, ya zaro waya ya kira. Ta yi ta ringi har ta gaji. Ya sake. Ya tare wani mai babur ya ɗare baya, “Tasha, ka yi wa Allah ka yi sauri!” A tasha aka ce ai bas ta cika ta tashi tuni, har da buhuna a sama. Suka bi hanya. Tsawa na kira, iska na dukan fuskarsa, gumi na shiga idonsa. Can sai ya ji an katse kiran. Wato Auta yana gani. Wayar na hannunsa, ya ga suna, ya kashe.

Tsawa ya sauke wayar daga kunne. Ya san dalili sarai, ba sai an faɗa masa ba. Wa zai ɗauki waya a gaban fasinja don a zage shi? Babban mutum da furfura, sai ga shi yana kuka a bayan babur, yana roƙon wayar kamar tana jinsa: “Ɗauka mana, ɗan’uwana, ɗauka.”

Mai babur ya rage gudu, ya miƙo wayarsa ta kafaɗa. “Baba, gwada da tawa.”

Bugu ɗaya aka ɗauka.

“Salamu alaikum, wa ke magana?” Murya sake, har da ’yar dariya a ciki. Tsawa ya manta rabon da ya ji ƙanensa yana magana haka.

Faɗan ya taso masa har maƙogwaro. Ya haɗiye shi da ƙyar.

“Auta, ni ne. Don girman Allah kada ka kashe. Ban gyara birkin ba, filaya ce a jiki. Kada ka shiga gangara. Sauko da giya, ka ja birkin hannu a hankali, ka sauka gefe.”

Sai ya ji ƙugin inji yana sauya murya, da hayaniyar fasinja, sannan layin ya yanke.

Sun tarar da bas ɗin a gefen titi, hancinta na kallon gangara. Fasinja sun firfito suna ta mita, wata tsohuwa na cewa ita fa rana na yi mata. Tsawa bai kalli kowa ba, ya zube ya shige ƙarƙashi. Babu filaya. Tayar ta jiƙe sharkaf, tiyon yana ɗigar da sauran man. Ya kwanta a nan yana kallon ƙarfe.

Ta gefe yana hango takalman Auta, an tsaya cik ana jiran hukunci. Can Auta ya durƙusa ya leƙo.

“Yaya, ka yi faɗan mana, ka huta.”

Tsawa ya juyo da kai. Idonsa ya yi ja, muryarsa can ƙasa.

“Da na ci gaba da kira da tawa, da ka ɗauka?”

Auta bai iya yi masa ƙarya ba, bai taɓa iyawa ba. Ya sunkuyar da kai.

“Sai na sauke fasinja, Yaya.”

Tsawa ya rufe ido. Sannan ya lalubo sabon tiyon a aljihu.