Binne a Filin Ƙwallo

Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya. Amma abin da ya sami filinmu ba sai da digiri ake rubuta shi ba.

Ƙungiyarmu ta ƙwallo a garin Isa da dilar gwanjo ta soma. Wani ɗan kasuwa ya shigo da ita ta Maraɗi, da anka kwance sai ga riguna koraye iri ɗaya, kowace da lamba a baya, da wani rubutu a ƙirji wanda harshe ba ya iya juyawa. Munka kwashe su duka. Wani malamin firamare ya duba ya ce sunan ƙungiyar wani ƙauye ne a Jamus, irin na can ƙasa waɗanda ko rediyo bai san da zamansu ba. Munka yi dariya munka ce ashe 'yan'uwanmu ne, tsiyarmu ɗaya.

Shekaru sunka ja, gwiwa ta hana ni bugawa, na koma koci. Da babbar waya ta zo hannuna na sa anka nemo mani su. Sai na tarar mutanen nan sun tashi. Daga gasar ƙauyuka sun hau ta gunduma, daga nan ta yanki, har ga su a talabijin. Akwai wani bidiyon tarihinsu da na kalla har na gaji. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma hoton ya ishe ni. Makiyayar shanu ce wani manomi ya ba su, mutanen gari sunka fito da shebur da baro sunka daidaita ta, sunka kafa benci, daga baya rumfa, daga baya siminti. Wanga bidiyo shi ya ɓata mani kai.

Don mu ma filinmu gona ce. Gonar mahaifinmu ta bakin gari, wadda ni da yayana munka gada, ba a raba ba. Muna da manyan gonaki wajen Tozai, saboda haka wagga ƙaramar ba ta dame shi ba, ya ce in je in yi shirmena. Na cire kututture, na baje kunya, na kafa ƙarafan raga. Shekara da shekaru ba a jefa ƙwaya ɗaya cikinta ba.

Sai 'yan bindiga sunka rufe daji. Gonakin Tozai sunka zama wurin da mutum ke zuwa da ƙafarshi a dawo da labarinshi. Damina biyu rumbunmu bai ga dame ba, gida cike da ɗiya, kullum sai awo. Kuma a wannan shekarar ce, don abin ya yi mani ciwo da kyau, munka ci gasar ƙaramar hukuma. Anka ce za a sa mu gasar jiha in muna da fili tsayayye, wani mutum zai taso daga Sakkwato ya gani da idonshi.

Yayana kuwa ya soma zancen shuka filin. Na same shi yana ɗaura wa sungumi ƙota, na durƙusa.

"Yaya, damina guda nike roƙo. Mutumin ya zo ya gani ya rubuta mu, shi ke nan."

"In ya rubuta ku, mi za a tuƙa gidanga? Takardar?"

"Su ma Jamusawan da gona sunka fara."

"Jamusawan naka akwai mai tare masu hanya in za su noma?"

Na ce babu.

"To ka ce su aiko maka da dawa," in ji shi, ya ci gaba da aikinshi.

Bai ƙara magana ba, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin yarda. Shekara arba'in da 'yan kai ina zaune da mutum ban san shirunshi ba.

Ranar kasuwar Bafarawa munka hau babura munka tafi wasan sada zumunta, da niyyar mu dawo kafin magariba. Ana tashi wasa labari ya zo cewa an tare hanya. Kwana shida munka yi a zauren wani malami, muna cin abin da matanshi sunka aiko, muna leƙen titi kamar awakin da anka ɗaure. Kullum a ce gobe. Ba ka gida, ba ka tafiya, kuma garinka yana nan kusa, da babur ko awa ba za ka yi ba.

Da munka dawo, fili na nan yadda munka bar shi. Iskar gaban ruwa ta share shi fes. Munka yi atisaye kwana biyu, sannan ruwa ya sauka mai yawa. A safiya ta huɗu bayan ruwan sai ga golanmu, wani ɗan kabu-kabu mai bakin tsiya, yana danna mani ham a ƙofar gida.

"Koci, taho ka gani, filinka ya tsiro gemu."

Gero ne. Layi-layi, daga wannan raga zuwa waccan, har inda ake ajiye ƙwallo a buga fanareti. Binne yayana ya yi, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa a rufe, iri ya kwanta ya jira ruwan farko. Muna tsare a Bafarawa ya shiga da sunguminshi da mutanen gida, iska ta shafe sawu. Mu kuma da takalmanmu munka ƙara danne mashi irin da kyau.

Na same shi gida. Ko kallona bai yi ba.

"Ban tumɓuke maka ƙarfe ba, ƙanena. Ban hana ka wasa ba. Ga shi can, in kana iyawa ka taka."

Jibi mutumin Sakkwato zai iso. Da la'asar 'yan wasa sunka taru bakin fili, kowa da takalmi a hannu. Ɗaya ya ce a ɗaura katako bayan babur a ja, kafin awa guda babu alamar komai.

"Ba da babur ɗina ba," in ji gola. "Ni da shi nike neman abinci, ba za ni ja wanga zunubi ba."

"To bari in nuna maku," na ce.

Na ɗauki ƙwallo na shiga. Niyyata in kai tsakiya in ajiye in busa usur, in na taka kowa zai taka. Na yi nisa kafin in lura da yadda nike tafiya. A tsakanin layi nike sa ƙafa, ina ɗaga dugadugi, ina kauce wa tsiron kamar yadda mahaifinmu ya koya mana da bulala. Ba ni na sa ƙafar ba, ita ta ƙi. Na waiga, babu wanda ya biyo ni. Dukansu ɗiyan manoma ne, kuma duk sun san yadda tukunya ke kwana babu wuta.

Na fito yadda na shiga. Na kira mutumin a waya na ce kada ya wahalar da kanshi da wagga hanya, ba mu da fili. Ya tambayi dalili, na ce an shuka shi. Ya ce Allah ya ba da damina mai albarka, gurbin kuma za a ba wasu.

Noman farko tare munka yi da yayana, shi a wancan layi ni a wanga, babu mai ce wa wani sannu. Daji bai buɗe ba, saboda haka bana ma an shuka, baɗi ma za a shuka. Har yau ban yafe mashi ba, kuma tuwon ina ci.