Tsakuwar Maman Pauline

Jiya na je Pissy, inda ake fasa dutse, sayen tsakuwa, na tarar an kwashe wa Maman Pauline tarin da ta yi sati tana fasawa. Kirista ce, tsohuwar maƙwabciyarmu a unguwar Zangouettin. Ɓarawon kuma sananne ne, ga shi can yana shan shayi abinsa.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Mama, wai me Allah yake jira da wannan?"

Ta ajiye guduma ta ce, "Ɗana, shekara nawa na yi ina cusa ƙasa a ƙarƙashin tsakuwa ina sayar wa mutane? Yesu ya jira ni har na tuba. Yanzu ni zan ce a gaggauta?"



Jama'a, da an yi mana saurin da muke roƙa wa wasu, wa zai rage?