Mai Karatun Sujada a Bayan Ƙofa

Mai sayar da biro yana kallon wata doguwar ɗaliba a ƙofar makarantar Katolika, an riga an kulle. Hannun rigarta a jiƙe yake, wataƙila sai da ta yi wa ƙannenta wanka kafin ta fito.

"Baba, don Allah buɗe mini. Ni zan yi karatu a sujadar yau, sati biyu ina haddace shi!"

"Sista ta hana, 'yata," in ji maigadi.

Daga cocin makarantar, muryar wata yarinya na fitowa ta lasifika, tana karatun tana in'ina. Ɗalibar ta ja tsaki, ta kifa goshi a jikin ƙofar.

"Ba haka ake faɗa ba," take cewa.